Yadda ɗaukar bidiyon wasannin kwamfuta ya zama ruwan dare

Yaran da nake koyarwa suna kallon bidiyon wasanni a YouTube, suna zaton tun asali kowa na iya yin wasa yana ɗaukarsa a lokaci guda. Abin bai daɗe da yiwuwa ba.

A 1993, wasan Doom bai ajiye hoto ba. Maɓallan da ɗan wasa ya danna yake rubutawa a ƙaramin fayil, in ana son kallo sai wasan ya sake maimaita su. Wanda ba shi da Doom ba ya ganin komai. A 1999 aka fito da manhajar Fraps mai ɗaukar hoton allo kai tsaye, amma ƙwaƙwalwar kwamfutocin gida na lokacin zuciya ɗaya gare ta, kamar yadda ake cewa da Faransanci. Ita ke tafiyar da wasa, ita ke ɗaukar hoto. Taura biyu ba ta taunuwa: wasa ya riƙa tsinkewa, fayiloli kuma su cika faifai cikin ɗan lokaci.

Kamfanoni sun fara neman mafita ta ƙara gudu, har zafi ya tare su. A 2004 Intel ya fasa fitar da Pentium 4 mai 4 GHz. A 2005, shekarar da aka kafa YouTube, sai ga Pentium D da Athlon 64 X2 na AMD, kowanne da zuciya biyu. Wasannin zamanin galibi zuciya ɗaya suke amfani da ita, ɗayar ta samu sararin matse bidiyo. Masu zuciya huɗu sun biyo baya a 2006. A 2012 manhajar OBS ta zo kyauta, a 2013 kuma ShadowPlay na Nvidia ya mayar da aikin matsewar kan katin hoto.

A ganina darasin ya shafi aljihunmu. Matashi ya tara kuɗi da ƙyar, ya je sayen kwamfuta ta hannu, mai sayarwa ya nuna masa lambar GHz kaɗai. Tsohon Pentium 4 na iya fin wata sabuwa a wannan lamba, amma ya kasa ɗaukar wasa. Kafin ka biya, tambayi zuciya nawa gare ta, da irin katin hoton da ke ciki.