'Yan Kwana-kwanan Filin Jirgi da Gobarar Riyad

Aikin 'yan kwana-kwanan filin jirgin sama yawancinsa jira ne. Mutum ya kan shekara goma yana gadi bai ga gobarar jirgi ko sau ɗaya ba, sa'an nan ran da ta zo, ƙa'idar duniya ba ta ba shi fiye da minti 3 ya isa wurin ba, domin man jirgi ba shi da haƙuri. Wannan dogon jira shi ke ruɗin hukumomi, su sayi motoci masu tsada, amma su yi ƙwauron kuɗin horad da mutanen da za su hau su.

Abin da ya auku a Riyad ran 19 ga Agusta, 1980, ya isa misali. Wani jirgin Saudiyya da ya taso daga Karaci ya yada zango a can, ya tashi zuwa Jidda da mutum 301. Bai yi minti 10 a sama ba sai hayaƙi ya ɓullo daga wurin kaya na baya. Matuƙi ya juyo, ya kuwa sauka lafiya lau. Amma maimakon ya tsaya nan take, sai ya zarce har ƙarshen hanya, motocin kashe wuta da ke jiransa a baya suka bi shi a guje. Da ya tsaya kuma, aka fi minti 3 ba a kashe injuna ba, ba kuwa mai iya matsawa kusa.

To, a nan ne kasawar ta bayyana. Mutanen sun iso, ga motoci ga ruwa, amma ba wanda ya taɓa koya musu yadda a ke buɗe ƙofar irin wannan jirgi daga waje, kayan kāre jiki kuma ba su wadata ba. Sai da aka yi minti 23 suna fama kana ƙofa guda ta buɗe. A lokacin hayaƙi ya riga ya gama da kowa, an tarad da gawawwaki cunkushe a sashen gaba. Masu bincike sun ɗora babban laifi a kan matuƙa, haka ne, amma ba su ƙyale hukumar filin ba, suka ce ita ce ba ta ba mutanenta horo da kayan aiki isassu ba.