Fambel ɗin mota: Aikinsa, alamomin lalacewarsa da yadda ake sauya shi

Fambel dogon bel ne na roba da ke zagaye a gaban injin mota. Yana ɗaukar ƙarfi daga injin ya juya altaneta mai cajin batir, da famfon sitiyari, da kwamfuresar na'urar sanyaya mota, a wasu motocin har da famfon ruwa. A da motoci kan yi amfani da bel biyu ko uku, amma yawancin na yanzu guda ɗaya ne mai tsaga-tsaga a cikinsa. Saboda haka idan ya tsinke, caji zai tsaya, sitiyari ya yi tauri, injin kuma yana iya ɗaukar zafi har ya lalace.

Bel na zamani kan yi tafiyar kilomita 100,000 zuwa 160,000, sai dai zafi da ƙura da yoyon mai suna rage masa kwana. Alamomin gajiyarsa sun haɗa da ƙara mai tsini yayin tayar da mota, da tsagewa, da zarewar gefensa, da ƙyallin da ke nuna ya side.

Kafin a cire tsohon, a kashe injin, a zana hanyar da ya bi. A duba lambar da ke jikinsa: 6PK1750, alal misali, na nufin tsiri shida da tsawon milimita 1,750. Ya kamata bakanike ya duba tenshona da ke ɗaure bel ɗin, domin idan ta saki, sabon ma ba zai daɗe ba.