Filin Bayan Gida: Tarihin Raya Matacciyar Ƙasa a Fadamar Kirikasamma

 

'Yan'uwa, akwai tambayar da takan taso a garuruwan fadamar Haɗeja duk lokacin da ruwa ya janye. Mutum ne zai leƙa bayan gidansa ya ga fili fetal, ba shuka, ba shinge, ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Sai zuciya ta raya masa cewa tunda da katangarsa filin ya yi iyaka, ai shi ya fi kowa cancanta. Yau a kafa turke, gobe a ja darni, bayan shekara biyar 'ya'ya su tashi suna cewa gado ne. Shin maƙwabtaka da fili tana sa ya zama naka? Tarihin wannan yanki ya amsa tambayar fiye da sau ɗaya.

Kirikasamma tana cikin masarautar Haɗeja, a inda kogi yake rarrabuwa zuwa rassa irin su Marma da Burum Gana, ya malale ya nufi Nguru da Gashuwa. A irin wannan ƙasa, fili guda yakan yi wa mutum uku aiki a shekara. Da damina gonar shinkafa ce kuma wurin kamun kifi, idan ruwa ya fara janyewa a shuka wake a kan danshi, da rani kuma shanun Fulani su sauko kiwo. Saboda haka wanda ya ga fili babu kowa a watan Maris, wata guda kawai ya gani cikin goma sha biyu.

Malaman fiƙihu sun yi wa wannan mas'ala babi na musamman, wato ihya'ul mawat, raya matacciyar ƙasa. Asalinsa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya tabbatar wa mai raya ƙasar da ba ta da mai ita mallakarta. Sai dai malamai sun saɓa a kan sharaɗin izini. Abu Hanifa ya ce dole ne shugaba ya yarda, Shafi'i ya ce ba a buƙatar haka. Malikiyya, mazhabar da alƙalan ƙasarmu suka bi, suka rarrabe: dajin da ya yi nisa da mutane ana iya raya shi ba da izini ba, amma abin da ke kusa da gari sai da izinin shugaba, domin nan ne mutane suke rububi, nan ne kuma cutarwa take aukuwa. Ka ga ke nan kusancin da mai gida yake kafa hujja da shi, shi ne ainihin abin da ya wajabta masa neman izini.

Muhtasar na Shehu Halil ya fayyace abin da ake kira rayawa: fitar da ruwa ta hanyar haƙa, janye ruwa daga ƙasar da ya mamaye, gini, dasa itatuwa, sassabe, noma, fasa duwatsu da daidaita ƙasa. Kewaye wuri da shinge kawai, ko kiwo a cikinsa, ba ya cikin lissafi. Gida kuwa yana da ɗan haƙƙinsa a gefensa, kamar mazubar indararo da wurin zubar da shara, amma idan gidajen wasu sun kewaye filin, to amfani na kowa ne matuƙar ba a cuci wani ba. Shi ma gari yana da nasa, wato makiyaya da wurin yin itace, wanda ba ya halatta ga mutum ɗaya ya mallake. Wannan ne Bahaushe yake kira hurumi. Ko filin da shugaba ya yanka wa mutum, aiki ne yake riƙe shi: Sayyidina Umar ya karɓe wani sashe na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Harisu Almuzani, saboda ya gaza raya shi.

Shugabannin jihadi ba su bar wannan babi a cikin littafi kawai ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan dalilan da suke keɓance mutum da matacciyar ƙasa, domin daula sabuwa tana buƙatar ƙa'idar rabon daji da kufai. A Haɗeja, wadda Sambo ya kafa mulkin jihadi a cikinta wajen 1808, tsarin ya gauraya da al'adar da aka tarar. Mai neman fili yakan je wurin bulama ko dagaci, a tara dattawa, a tambaya ko wurin saurar wani ce, ko burtali, ko mashaya. Idan ba a sami mai magana ba, sai a nuna masa iyaka, a dasa gamba ko itace, jama'a su shaida. Takardar wancan zamani ita ce idon mutane.

A watan Afrilu na 1906 Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Bayan shekara biyu aka naɗa kwamitin binciken filayen Arewa, kuma rahotonsa ya haifi dokar 1910, wadda ta sanya dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin kulawar gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kan wannan tushe. A ƙauye kuwa dagaci ne ya ci gaba da nuna iyaka, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna. Sannan a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara, har kadada 500 don noma ko 5,000 don kiwo, ta kuma bar wa masu tsofaffin gonaki abin da ke hannunsu. A idon wannan doka, babu taƙi guda a Jigawa da ba shi da mai kula da shi.

Ana cikin haka kogin kansa ya sauya hali. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga kuma fari na farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Ambaliyar da aka saba ta ragu, wasu tafkuna suka bushe, mutane suka shiga suka nome. Daga baya ruwan da ake saki daga madatsun rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe wasu rassa, ruwa ya karkata zuwa Marma, ya kwanta a kan gonakin da aka gada kaka da kakanni. Masu su suka ƙaura, gonaki suka zama kamar daji. Ambaliyar 2022 ma ta share iyakoki da dama. Ga kuma dajin Baturiya da gwamnati ta keɓe, wanda ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Idan aka nome burtali bisa zaton ba mai shi, shanu ba su da hanya sai ta cikin amfanin gona, kuma yankin Kirikasamma da Guri ya sha ganin jinin da hakan yake zubarwa.

A nan Malikiyya suna da bayani mai kyau. Wanda ya mallaki ƙasa ta hanyar rayawa, sannan ya bar ta alamunta suka shafe, zamani ya yi tsawo, wani ya sake raya ta, ta zama ta na biyun. Amma wadda aka saya ba ta kuɓuce wa mai ita don ya bar ta. Haka nan hauzi, wato riƙe wuri shekara goma mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, yana sa alƙali ya ƙi sauraron ƙararsa. Wanda ruwa ya kora kuwa yana da uzuri, kuma hukuncin alƙali ba ya halatta maka abin da ka san ba naka ba ne.

To, ya kai matashi mai son faɗaɗa gidan mahaifinsa, hanya a fili take. Fara tambayar tsofaffi tarihin wurin kafin ka kafa turke. Ka duba ko hanyar ruwa ce, ko ta shanu, ko tsohuwar maƙabarta. Ka sanar da maƙwabta, ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka nemi takarda daga ƙaramar hukuma, a rubuta shaidu da iyakoki, sannan ka raya shi da aiki na gaske.

Ka tuna da Sa'idu ɗan Zaidu, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Lokacin da wata mata ta kai ƙararsa wurin Marwan cewa ya ci mata fili, abin da ya kare kansa da shi shi ne gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW) a kan azabar wanda ya zalunci taƙi ɗaya na ƙasa. Tsoron wannan taƙi ya fi kowane shinge tsare iyaka.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, Ya sanya albarka a abin da Ya ba mu. Wallahu a'alam.