Daga Kongwa Zuwa Mokwa: Tarihin Tarakta da Darasin Kula da Inji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan wata ma'aikatar gona a garuruwanmu ya ga taraktoci a jere, an ɗora wasu a kan duwatsu, ciyawa ta fito a tsakanin ƙafafunsu, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai injin Bature ba ya jure wa ƙasarmu. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihi mu ga ko wannan magana gaskiya ce, sa'an nan mu duba yadda ya kamata a riƙa yi wa tarakta da ƙananan injuna sabis, da kuma kurakuran da suka zama jiki a wannan fanni.

Yadda Aka Gano Abokan Gabar Inji

A shekarar 1892 ne John Froelich ya haɗa tarakta mai aiki da fetur a Jihar Ayowa ta Amurka, kuma a 1917 Henry Ford ya fito da Fordson, wadda ta sa ƙananan manoma suka iya mallakar tarakta. To, amma injunan farko ba su da ƙarko, kuma babban abin da ke cin su shi ne ƙura. A 1915 wani dillalin tarakta mai suna Frank Donaldson ya je wurin wani manomi a Jihar Yuta wanda taraktarsa ke yawan mutuwa. Da ya lura ƙurar gona ce ke shiga cikin injin, sai ya haɗa waya da ƙyalle ya yi abin tace iska. Matatar baƙin mai kuwa ta biyo baya a 1923.

Manoman Amurka su ma sun sha wuya a hannun kamfanonin da ke sayar da inji su ɓace. Wannan ya sa Jihar Nebaraska ta kafa doka a 1919, cewa ba za a sayar da kowane irin tarakta a jihar ba sai jami'arta ta gwada shi, kuma dole kamfani ya ajiye kayan gyara a cikin jihar. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi na biyu, domin za mu sake haɗuwa da shi a Afirka.

Gyaɗar Tanganyika

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ƙarancin man girki a Ingila. A 1946 Frank Samuel, shugaban kamfanin U.A.C., ya ba da shawarar a noma gyaɗa da injuna a Tanganyika, wato babban yankin Tanzaniya ta yau. Gwamnati ta amince a share daji fiye da eka miliyan 3, aka kuwa fara aiki a Kongwa a 1947.

Da yake sababbin injuna sun yi wuya a lokacin, sai aka sayo tsofaffin katafilolin da sojojin Amurka suka bari a tsibiran Filifin. Aka sauke su a Darussalam, tashar da ta riga ta cushe, aka bi da su ta layin dogo guda ɗaya tak. Da suka isa daji, babu isassun wuraren gyara, babu kayan gyara, direbobi kuwa yawancinsu sababbin koyo ne. Kafin shekarar ta ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na injunan sun tsaya. Saiwoyin itatuwa suka yi ta karya kayan aiki, ƙasa mai tsakuwa ta yi ta cinye bakin garma. Har ta kai kamfanin Vickers ya mayar da tankokin yaƙi samfurin Sherman suka zama taraktoci, aka sa musu suna Shervick, duk da haka ba ta sauya zane ba.

Gaskiya ne ba lalacewar inji kaɗai ta kashe shirin ba, domin ruwan saman Kongwa bai isa ba, kuma in ƙasar ta bushe sai ta ƙame gyaɗa ta ƙi tonuwa. Amma kowace katafila da ta kwanta tana nufin ekokin da ba a share ba kafin damina. A watan Janairu na 1951 gwamnatin Ingila ta haƙura, bayan ta yi asarar fiye da fam miliyan 36.

Mokwa da Abin da Ya Biyo Baya

A nan gida, tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da garmar shanu, abin da maƙerin ƙauye ke iya gyarawa. A 1949 kuma aka buɗe babban shirin noma da tarakta a Mokwa, da haɗin gwiwar gwamnatin Nijeriya da Hukumar Raya Ƙasashen Mulkin Mallaka ta Ingila. Tsarin shi ne tarakta ta yi huɗa, manomin da aka zaunar ya yi noma da girbi, a raba amfani. Sai ga shi tarakta na huɗe filin da ya fi ƙarfin fartanyar iyali guda, ciyawa ta rinjayi shuka. Kututturan da suka rage a ƙasa kuma suka yi ta karya kayan aiki, kuɗin tafiyar da injuna ya fi abin da gona ke bayarwa. A 1954 hukumar ta janye hannunta.

Da kuɗin man fetur suka samu, sai aka sake komawa ga tarakta, musamman a ƙarƙashin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin Juyin Noma na Shugaba Shehu Shagari na 1980. Jihohi suka kafa sassan ba da hayar tarakta, har kamfanin Steyr ya riƙa haɗa taraktoci a Bauchi. Sai dai an fi ɗokin sayen sabo a kan tanadin kuɗin mai da filta da horar da makanikai, kuma samfura daban-daban da aka shigo da su kayan wani ba ya shiga wani. Abin da Nebaraska ta mayar doka tun 1919, mu ba mu sa shi cikin lissafi ba.

Yaushe Ake Yin Sabis?

Mota da nisan tafiya ake auna ta, tarakta kuwa da awannin aiki, domin tana iya wuni tana jan garma ba ta yi wata tafiya mai nisa ba. Don haka ne aka sa mata agogon ƙirga awa. Littafin da kamfani ya bayar shi ne alƙali, amma ga yadda tsarin yake a galibi.

Kullum, ko bayan awa 10, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da filtar iska, a ɗura giris a gaɓoɓin da ke motsi. Bayan awa 50 a duba batir da iskar taya da bel. Sabuwar tarakta ana yi mata juyen farko a wajen awa 50, saboda ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Daga nan juyen baƙin mai da filtarsa yakan faɗo tsakanin awa 100 da 250, ko da yake wasu injunan zamani sukan kai 500. Filtar man gas a wajen awa 500, man giya da na ɗaga garma kuwa a wajen awa 1,000. Ƙananan injuna masu fetur, kamar na ban-ruwa da janareta, da yawansu ana yi musu juyen farko a awa 20, sa'an nan kowace awa 100 ko wata shida. Mai karatu ya lissafa da kansa: taraktar da ke awa 10 a rana lokacin huɗa ta cika awa 250 cikin kwana 25, wato tun damina ba ta yi nisa ba juye ya zo.

Kurakuran da Suka Zama Jiki

Na farko shi ne auna mai da launinsa. Man injin gas yakan yi baƙi da wuri domin yana riƙe da toka, kuma wannan aikinsa ne. Launi ba ya nuna ko mai ya gaji, awa ce ke nunawa.

Na biyu, ciko a madadin juye. Ƙara sabon mai a kan tsoho ba ya fitar da datti da ruwan da suka taru a ƙasan inji.

Na uku, zaton cewa injin da aka ajiye da rani ba ya bukatar komai. Mai na lalacewa ko ba a yi aiki ba, batir na mutuwa, raɓa na taruwa a cikin tankin da ba a cika ba. Don haka ake juye aƙalla sau ɗaya a shekara, ake kuma cika tanki da yamma bayan an tashi aiki.

Na huɗu, cire abin daidaita zafin ruwa, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa. In tarakta na zafi, a fara duba ƙaiƙayi da ƙurar da suka toshe lagireto.

Na biyar, buga filtar iska a jikin taya don a kakkaɓe ta. Takardar na iya tsagewa ba a gani ba, sai ƙurar hunturu ta wuce ta goge fistin da zobbansa kamar dutsen wasa wuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana cewa ƙurar da ta kashe tarakta a Yuta ita ce ta kashe ta a Afirka, bambancin kawai shi ne can sun tanadi matata da kayan gyara da doka. Da yawa daga cikinmu ɗalibai gobe mu ne za mu riƙe ofisoshin da ake rubuta kasafin kuɗin gona. Ranar da takardar sayen tarakta ta zo gabanmu, sai mu tambaya ina kuɗin mainta da filtarta, wa zai gyara ta, kuma wa zai riƙe littafin awanninta. In babu amsa, gara a jinkirta saye, domin rigakafi ya fi magani.