Makeken Kifin Almara da Kogin da Ke Janyewa

Yaron da ya tashi a Inkil, a bakin hanyar Gombe, bai san teku ba. Ruwan da ya sani shi ne na famfo daga madatsar Gubi, da kududdufan damina, sai kogin Gongola idan mota ta haye gadar Dindima. Amma in ya buɗe littattafan yaƙi da tsafi, dodon ruwan da yakan tarar na teku ne, aro daga Dare Dubu da Ɗaya ko daga finafinai. Abin da wannan maƙala ke ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, marubucin Hausa da ke son ƙirƙiro makeken kifi ya fi samun abin tsoro da na mamaki a kogunan ƙasarsa.

Tunanin babban kifi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowane almajiri ya san ƙissar Annabi Yunusa, kuma malaman da suka karanta Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, sun ci karo da kifin da aka ce duniya na ɗore a kansa. Sai dai na farko mu'ujiza ce, ba a wasa da ita, na biyun kuma girmansa ya wuce hankali har ya daina firgitarwa. Giwan ruwa kuwa ana iya auna shi. Yakan kai tsawon mita biyu, nauyinsa ya doshi kilo 200. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016, kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Wanda ya ga masunci ya fito daga kogin Matan Fada, homa a hannu, gora a ƙirji, ana taya shi kinkimar kifin da ya fi shi nauyi, ya riga ya sami ma'auni. Ka ce masa akwai wanda ya ninka wannan goma, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Za a ce almara ba ta bukatar sikeli, kuma kogunanmu ba su da zurfin ɓoye irin wannan halitta, tunda da yawansu rairayi ne zalla a watan Maris. Batun sikelin ba shi da ƙarfi, domin ƙaryar da ba ta da ƙa'ida ba ta riƙe mai karatu. Batun rani kuwa gaskiya ne, amma a nan ne ribar take. Gaiwa ta daɗe da warware matsalar: ruwa na janyewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kwanso, ta bar 'yar kafar shan iska, ta yi watanni tana rayuwa da naman jikinta har ruwan farko ya sauka. A ɗora wannan ɗabi'a a kan kifi mai girman rumbu, a ba shi girgizar minjirya, sai ga dodon da ke kwance ƙarƙashin fadamar da mutane ke noman albasa a kanta, kowa na roƙon damina, kowa kuma na tsoron abin da za ta tasa. Teku ba ta iya ba da wannan labari, don ba ta ƙafewa.

Saura tambayar abinci, wadda masu ƙirƙira kan tsallake. Da aka zuba giwan ruwa a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya cinye ire-iren ƙananan kifaye masu yawa har suka ɓace, sana'ar su ta canza kama. Makeken kifi a tafki ɗaya yana nufin karfasa da tarwaɗa sun yi ƙaranci, masu banda sun rasa abin ɗorawa a wuta, Sarkin Ruwa kuma ya shiga tsaka mai wuya tsakanin masuntan da ke son a kashe shi da dattawan da ke cewa a kai masa yanka.