Gidan gumagumai: ginin da bangonsa itace ne zalla

Gidan gumagumai shi ne wanda ake tayar da bangonsa da itace zalla, ba bulo ba siminti. Ana jera gumagumai a kwance, wani bisa wani, a sassaƙe bakin kowanne yadda zai cije ɗan'uwansa a kusurwa. Wannan cizo da nauyin itacen su ke riƙe ginin, shi ya sa maginan da ba su dogara da ƙusa ba. Tsakanin gungume da gungume kuma akan cusa busasshiyar gansakuka don toshe iska.

Ginin ya yi ƙarfi ne a ƙasashen sanyi irin su Rasha, Finland, Sweden da Norway, inda dazuzzuka ke cike da dogayen itatuwa miƙaƙƙu. Itace ya fi bulo riƙe ɗumin ɗaki idan kaurinsu ɗaya. Mutanen Sweden da Finland da suka sauka a gaɓar kogin Delaware daga 1638 na cikin waɗanda suka fara kai fasahar Amurka, kuma a irin wannan ɗaki aka haifi Abraham Lincoln a 1809.

Abin da ke ba maginin bulo mamaki shi ne bangon yana zama. Yayin da itacen ke bushewa yakan tsuke, bangon ya ragu da santimita da dama a shekarun farko. Saboda haka kafinta kan bar rata a saman kowace ƙofa da taga. Wanda ya manta da wannan, wata rana ƙofarsa za ta ƙi buɗuwa, gilashin taga ya tsage.

Jama'a sun fi jin tsoron gobara, alhali gungume mai kauri bayansa ke fara zama gawayi, wanda ke rage saurin cin wutar. Danshi ne babban abokin gaba. Don haka ake ɗora bangon kan tushen dutse, a kuma tsawaita bakin rufi. Cocin katako mai ƙubba 22 da ke tsibirin Kizhi a Rasha tana tsaye tun 1714, amma sai da aka shafe shekaru ana ɗaga ta ana sauya gumaguman da suka ruɓe.

A yau masana'antu na manne katako hawa-hawa su fitar da bango sukutum. Da katakon da aka manne aka gina bene mai hawa 18 a Brumunddal ta Norway a 2019, tsayinsa mita 85.4. A ƙasashe masu zafi kuwa, lissafin ba ya kammala sai an sa kuɗin maganin gara.