Tarihin Darbejiya: Magani Ce, Amma Ban Da Jariri

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, malamin makarantar firamare a Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi a Jihar Jigawa, ya aiko mana da takarda yana cewa gardama ce ta kaure a gidansu. Ɗansa mai wata bakwai yana fama da zazzaɓi, mahaifiyarsa kuwa ta ce a ɗura wa yaron man darbejiya, domin da shi kaka da kakanni suka yi renon 'ya'yansu. Shi ne yake so a ba shi tarihin wannan bishiya, a kuma gaya masa ko akwai haɗari a cikin shanta.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda. Da farko dai a miƙa gaisuwarmu ga Inna, a kuma ba ta haƙuri, domin a kan maganar kaka da kakanni tarihi bai goyi bayanta ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu kuma bedi, baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Ɗantunku ya kafa sarautar Kazaure, wajen shekarar 1819, babu ko ƙwaya ɗaya tata a duk faɗin ƙasar nan. Itatuwan da mutanen wancan zamani suka sani su ne gawo da marke da maɗaci da kuka da tsamiya da sabara da aduwa. Ai ga Dawan Gawo nan kusa da ku, sunan ma kaɗai ya isa shaida.

Asalin darbejiya ƙasar Indiya ce da Bama. Can ne aka yi shekaru sama da dubu biyu ana magani da ganyenta da sassaƙenta da manta. Zuwanta Afirka ta Yamma kuwa aikin zamanin Turawa ne. An kawo ta Ghana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, a zamanin Gwamna Guggisberg da ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. A 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, daga nan ma'aikatan gandun daji suka yi ta yaɗa ta zuwa Kano da Katsina da Sakkwato. Su ba don magani suka kawo ta ba. Inuwa suke nema da itacen girki da azara, ga shi tana jure fari, tana saurin girma, gara kuma ba ta cika cin katakonta ba.

Abin da ya ƙara cika ƙasarmu da ita shi ne farin 1972 zuwa 1974. Bayan wannan masifa gwamnatoci suka duƙufa wajen dasa layukan itatuwa don tare iska da kwararowar hamada a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda Kazaure da Ɓaɓura suke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Yawancin abin da aka dasa darbejiya ce da turare. A Jamhuriyar Nijar ma haka aka yi a kwarin Majiya na jihar Tawa tun daga 1975. Alhazanmu kuwa sun san inuwarta a filin Arfa, inda aka dasa dubbai. Ni kaina da nake ɗalibi a kwalejin horon malamai, kowane ɗayanmu sai da aka ba shi dashe guda ya riƙa ba shi ruwa, in ya mutu kuwa ka shiga uku da shugaban ɗalibai.

To ka ga ke nan, saninmu da ita bai wuce na kakanni biyu ko uku ba. Mun ɗanɗana mun ji ɗaci irin na maɗaci, sai muka sa ta a layin maganin zazzaɓi da shawara, ba tare da mun gaji ma'auninta daga kowa ba.

Ba wai babu amfani a jikinta ba, akwai shi da yawa. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye duk wani kore amma ta bar darbejiya tsaye da ganyenta. A 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ciro sinadarin da ke hana ƙwari cin ta, wanda suka sa wa suna azadiraktin. Shi ya sa manoman da ke zuba ganyenta a rumbu, ko su shafa wa wake manta kafin su adana, ba su yi kuskure ba. Asuwakinta yana tsabtace baki, ana kuma yin sabulu da manta. Darajarta ta kai har aka yi shari'a a kanta: a 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace na Amurka izinin mallakar wata hanya ta yin maganin feshi da manta, mutanen Indiya suka ce ina, mu mun daɗe da sanin wannan, aka soke izinin a 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005.

Yanzu sai maganar da ta fi damun ka. Man darbejiya guba ne ga jariri. A 1981 wasu likitoci biyu a ƙasar Malesiya, Sinniah da Baskaran, suka buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a kan yaran da aka ɗura wa man a gida don mura ko zazzaɓi. Cikin 'yan sa'o'i sai yaro ya kama amai, jikinsa ya saki, numfashinsa ya yi sama-sama, daga nan sai jijjiga da suma. Man yana taɓa hanta, yana kumbura ƙwaƙwalwa. An ga irin haka a Indiya sau da yawa, wasu yaran sun mutu, wasu sun tashi da naƙasa. Kuma ba sai an ba da da yawa ba, cokalin shayi guda yana iya yin wannan ɓarna. Abin takaici, idan jijjigar ta zo a ƙauyukanmu sai a ce ai iska ce ta taɓa yaro, ba wanda zai tuna da abin da aka ɗura masa da safe.

Mace mai ciki da mai neman haihuwa su ma su nisance shi, domin gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana hana ciki zama. Mai ciwon sukari da ke shan maganin asibiti kada ya haɗa da jiƙon ganyen, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai. A kuma kula da wata 'yar'uwarta mai kama da ita, wato kurnar nasara, wadda 'ya'yanta guba ne ga mutum da dabba.

Batun zazzaɓin cizon sauro kuwa, gaskiya ne a ɗakin bincike an ga wasu sinadaran ganyen suna kashe ƙwayar cutar a cikin kwalba. Amma kwalba daban, jikin yaro daban. Shi kansa maganin da ake bayarwa a asibiti, wanda Najeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya daina aiki sosai, daga ganyen wani irin tazargade na ƙasar Sin aka samo tushensa a 1972. Bambancin kawai shi ne an tace shi, an auna shi, an san abin da ya dace da nauyin kowane yaro. Tukunyar da aka dafa ganye a gida ba mai iya gaya maka ƙarfin abin da ke cikinta, ta yau daban ta gobe daban.

Saboda haka Malam, kada ka jira kwana ya zagayo. Ka ɗauki yaron nan zuwa asibitin da ya fi kusa da ku, ko babban asibitin Kazaure, a gwada jininsa, uwarsa kuma ta ci gaba da ba shi nono. In an riga an ɗura masa man, ka gaya wa ma'aikatan asibitin yawan abin da ya sha da lokacin da ya sha, ka tafi musu da kwalbar. Inna kuma a roƙe ta ta raka ku, ta ji daga bakin likita da kunnenta.

Allah ya ba yaro lafiya. Da fatan mai tambaya ya gamsu.